Matambayi Ba Ya Ɓata: Mutanenmu a Amurka da Tambayar da Suka Bari

Gabatarwa

Tun daga ranar da Amurka ta yi shelar 'yancin kanta a 1776 baƙi suke zuwa kallonta, kuma da wuya a sami wanda ya koma gida ba tare da tambaya a bakinsa ba. Wani yakan yi mamakin yadda kowa yake sauri kamar ana korarsa. Wani yakan tambayi dalilin da ya sa ɗa yake barin gidan ubansa da zarar ya tasa, tsohuwa kuma ta ƙare kwanakinta a gidan kula da tsofaffi alhali tana da jikoki. Wani kuwa abin da yake ɗaure masa kai shi ne yadda yaro yake kiran maigidansa da sunan yanka ba tare da ko rusunawa ba. Waɗannan tambayoyi ne na al'ada. Suna da daɗin hira, amma amsarsu ba ta wuce a ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi ba.

Akwai wata tambayar da ta fi waɗannan nauyi, wadda ba a iya sallamarta da karin magana. A cikin takardar shelar 'yancin kan nan, Amurkawa sun rubuta da hannunsu cewa daidai aka halicci 'yan Adam, kuma kowa yana da haƙƙin rayuwa da walwala. Thomas Jefferson, wanda ya tsara takardar, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Saboda haka duk baƙon da ya buɗe idonsa yakan tambaya: wannan alkawari, su wa ya ƙunsa, su wa kuma aka bari a waje? Bafaranshen nan Alexis de Tocqueville, wanda ya zagaya ƙasar har wata tara daga 1831, ya yaba wa tsarin mulkinta ƙwarai, amma ya yi gargaɗin cewa halin da aka jefa baƙar fata a ciki shi ne babban haɗarin da ke gabanta. Shekara 30 bayan zuwansa yaƙin basasa ya ɓarke.

Sunan Tocqueville sananne ne a jami'o'in duniya. Abin da ɗalibanmu ba su cika ji ba shi ne, mutanen wannan sashe namu, masu tushe a Katsina da Barno da Bauci da Cadi, su ma sun je, sun gani, sun yi tambaya, har ma tambayar wasunsu ta taimaka wajen sauya dokar ƙasar. Wannan maƙala za ta bi sawun wasu daga cikinsu, tun daga 1847 har zuwa 1961, sannan ta dawo gida ta duba inda tambayar tasu ta shafe mu.

Ɗan Bakatsiniya a Niyok, 1847

Na farkonsu a cikin ƙangin bauta ya isa can. Turawa sun rubuta sunansa Mahommah Gardo Baquaqua, amma kunnen Bahaushe zai ji Muhammadu Gado a cikin kalmomi biyun farko. An haife shi a Jugu, garin da Faransawa suke rubutawa Djougou, a arewacin Jamhuriyar Binin ta yau. Jugu babban zango ne a kan hanyar fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro. Mahaifinsa Musulmi ne, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce, kuma ya taɓa zaman makarantar allo. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: waɗanda suka kama shi, suka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, baƙaƙe ne 'yan'uwansa. Wajen 1845 aka sa shi a jirgin bayi zuwa Birazil. Ya yi bauta a gidan wani mai gasa burodi a Pernambuco, daga baya aka sayar da shi ga wani kyaftin na jirgin ruwa a Rio de Janeiro.

A watan Yuni na 1847 jirgin ya tsaya a Niyok ɗauke da buhunan kofi. A cikin tafiyar wani Bature ɗan Ingila ya koya wa Gado da abokan bautarsa kalmarsu ta farko a Ingilishi, wato kalmar da ke nufin 'yantacce. Sun kuma sami labarin cewa jihar Niyok ta hana bauta, kuma haka ne, tun 1827 ta hana. Suka sauka daga jirgi suka ruga, aka kama su, magana ta je gaban alƙali. Alƙali ya yanke hukuncin cewa su ma'aikatan jirgi ne, kuma yarjejeniyar da ke tsakanin Amurka da Birazil ta wajabta a mayar da su ga kyaftin. Ana tsare da su ana jiran ƙarshen shari'a, sai aka wayi gari wata rana cikin Agusta babu su a kurkuku. Masu yaƙi da bauta sun fitar da su, suka kai Gado Boston, daga can aka tsallakar da shi zuwa Haiti.

A Haiti ya zauna a hannun wani fasto, ya karɓi addinin Kirista, sannan ya dawo Amurka ya shiga wata kwaleji a McGrawville cikin jihar Niyok daga 1850 zuwa 1853. Kwalejin tana ɗaukar fari da baƙi, mace da namiji, abin da ba safai ake samu ba a zamanin. Duk da haka Gado ya ba da labarin yadda wasu ɗalibai suka mai da shi abin tsokana. A 1853 wani malamin kwalejin baƙar fata, William Allen, ya sha da ƙyar daga hannun 'yan tarzoma saboda ya nemi auren wata Baturiya, har sai da ya bar ƙasar zuwa Ingila. Gado ya ƙaura Kanada, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854, ya wuce Ingila a 1855 yana neman hanyar komawa gida. Labarinsa na ƙarshe da aka samu na 1857 ne.

Rayuwar wannan bawan Allah a Amurka ita kanta tambaya ce. Ina amfanin dokar da ta ce babu bawa a ƙasa, idan alƙalin ƙasar zai mayar da bawa ga ubangijinsa? Sai dai a lura, alƙalin da ya ba da hukuncin Ba'amurke ne, waɗanda suka sa kansu cikin haɗari suka kuɓutar da shi su ma Amurkawa ne. Tun daga wannan lokaci baƙo yake tarar da ƙasar tana jayayya da kanta a kan alkawarin da ta ɗauka.

Babarbaren Kukawa da albashin soja, 1863

Na biyu ɗan babban gida ne. Muhammadu Ali ɗan Sa'idu an haife shi a Kukawa wajen 1836, kuma ya ce mahaifinsa shi ne Barka Gana, jarumin yaƙin Shehu Laminu na Barno. Yana yaro mahara suka kama shi a daji, aka bi da shi ta Katsina da Damagaram, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Turabulus. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san irin wannan hanya da abin da ake gani a kanta. Daga Turabulus ya je Makka tare da ubangijinsa, ya zauna a Santambul, sannan wani basaraken Rasha ya tafi da shi ƙasarsu a 1853. A can aka yi masa baftisma aka sa masa suna Nicholas, shi ya sa littattafai suka san shi da Nicholas Said. Ya zagaya Jamus da Italiya da Faransa da Ingila yana hidimar wani ɗan sarauta, ya ƙware a harsuna da dama. A 1860 ya isa Amurka yana ɗa, a lokacin da ƙidayar ƙasar ta nuna akwai bayi kusan miliyan 4.

Da yaƙin basasa ya yi zafi, gwamnatin Abraham Lincoln ta buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja. A 1863 Sa'idu ya bar aikin koyarwa a Detroit ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, wadda sojojinta baƙaƙe ne, manyan hafsoshinta farare. Nan aka yi wata rigima da ta cancanci a tuna da ita. Farin soja dala 13 yake karɓa a wata. Baƙin soja sai aka yanka masa dala 10, a ciki ma a cire 3 kuɗin kaki, ya tashi da 7. Sojojin runduna ta 54 da ta 55 suka ce ba za su karɓa ba. Gwamnatin jihar Massachusetts ta ce za ta cika musu ragowar daga aljihunta, suka ce a'a, gwamnatin tarayya da ta ɗauke su ita za ta biya su daidai da kowa. Suka yi fiye da shekara guda suna bakin daga babu ko sisi, iyalansu suna cikin matsi, har majalisar ƙasa ta gyara dokar a 1864.

Bayan yaƙi Sa'idu ya zauna a kudancin ƙasar yana buɗe makarantu domin 'ya'yan 'yantattun bayi, musamman a Alabama. Mujallar Atlantic Monthly ta buga taƙaitaccen labarinsa a 1867, cikakken littafinsa kuma ya fito a Memphis a 1873. A ciki ya koka da yadda jahilci da son zuciya suka ɓata sunan Afirka a idon Turawa, ya ba da labarin Barno a matsayin ƙasa mai sarauta da malamai da kasuwanci. Wani abin lura ga ɗalibin adabi shi ne, littafin na 1873 bai ambaci aikin sojan da ya yi ba ko da a layi ɗaya. Mutumin da yake zaune a tsakiyar waɗanda aka ci da yaƙi, yana sayar musu da littafinsa, ya san abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye. Wannan shirun shi ma shaida ne a kan irin 'yancin da baƙar fata yake da shi a kudancin Amurka shekara takwas bayan an hana bauta.

Abubakar Tafawa Ɓalewa a bakin Misisifi, 1955

Ba kowace tambaya ce ta zargi ba. Akwai ta mai neman koyo, kuma mafi shahararta a tarihinmu ita ce ta Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sanannen abu ne cewa a farkon shigarsa siyasa bai yarda Nijeriya ƙasa ɗaya ce ba. A majalisar dokoki ta 1947 ya bayyana cewa haɗin kan ƙasar a takarda kawai yake, nufin Ingila ne, ba na mutanen da aka haɗa ba. Malamin makaranta ne da ya ga tazarar da ke tsakanin Arewa da Kudu a ilmin boko, yana tsoron kada Turawa su tafi a sami sababbin iyayen gida.

A 1955, yana ministan sufuri, ya je Amurka domin ya ga yadda ake tafiyar da jiragen ruwa a kogin Misisifi da na Ohio, da nufin a yi amfani da dabarar a Kwara da Binuwai. Abin da ya dawo da shi ya fi abin da aka aike shi nema. Ya ga jikokin mutanen Ingila da Jamus da Italiya da Ailan da Folan, masu harsuna daban da ɗariƙu daban, waɗanda kakanninsu suka sha yaƙar juna a Turai, sun zama al'umma ɗaya cikin ƙasa da shekara 200. Ya tambayi kansa: in waɗannan sun iya, me zai hana Bahaushe da Bayarabe da Ibo? Shi da kansa ya ba da labarin cewa a wannan tafiya ce ra'ayinsa ya sauya, ya ɗauki kansa ɗan Nijeriya. Shekara biyu bayan haka, a 1957, ya zama Firayim Minista.

Abin da ya gani gaskiya ne. Amma a cikin wannan shekara ta 1955, a jihar da ta ci sunan kogin da ya je dubawa, wasu farare suka kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14 mai suna Emmett Till, kotu kuma ta sallame su. A watan Disamba aka kama Rosa Parks a Montgomery saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a cikin bas. Ke nan tukunyar da ta narkar da Bajamushe da Ba'italiye ta bar jikokin bayi a gefe, alhali sun riga yawancin waɗancan zuwa ƙasar. Tambayar Gado da ta Abubakar ba sa karo da juna. Ɗaya ya ga abin da alkawarin ya iya ginawa, ɗaya ya ɗanɗana zaman wanda aka bari a bakin ƙofa.

Hanya ta 40, 1961

A 1960 ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai, kowace ta tura jakadunta. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya yana Niyok, fadar gwamnatin Amurka tana Washinton, kuma babbar hanyar motar da ta haɗa su, wadda ake kira Hanya ta 40, ta ratsa jihar Maryland, inda masu gidajen abinci da yawa ba sa zaunar da baƙar fata. Tun kafin wannan lokaci an ga alama. A watan Oktoba na 1957 aka hana ministan kuɗi na Gana, Komla Gbedemah, zama ya sha ruwan lemo a wani gidan abinci a jihar Delaware, har sai da Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don ya ba shi haƙuri.

A watan Yuni na 1961 jakadan Cadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta zuwa miƙa wa Shugaba Kennedy takardun kama aiki, ya tsaya a Maryland ya nemi kofi. Mai sayarwa ta ce ba a ba irinsa. Da 'yan jarida suka tambaye ta daga baya, sai ta ce ita ba ta ga alamar jakada ba, baƙin mutum kawai ta gani. Jakadun Nijar da Kamaru da Togo su ma sun gamu da irin wannan wulaƙanci a kan hanyar. Wata guda bayan abin da ya sami jakadan Cadi, a ƙarshen Yuli, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sauka a Washinton cikin babbar riga, aka yi masa tarba ta girma, ya gana da Kennedy, ya yi jawabi a majalisar dokokin ƙasar. Tsakanin zauren da aka tafa masa da teburin da aka hana maƙwabcinsa kofi bai wuce tafiyar awa biyu a mota ba.

Jakadun sun yi tambayar da gwamnatin Amurka ta kasa kaucewa. Lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka tana kiran sababbin ƙasashe su bi ta su bar Tarayyar Sobiyet, domin ita ce jagorar 'yantattun ƙasashe. To, yaya za ka kira mutum zuwa ga 'yanci, ka hana shi kujera? Jaridun Mosko kuwa suna ɗaukar kowane labari suna yayatawa. Sai ma'aikatar harkokin waje ta ɗora wa wani jami'inta, Pedro Sanjuan, aikin bin masu gidajen abinci yana lallashi, har ya je gaban 'yan majalisar Maryland ya roƙe su su yi doka.

A cikin wannan hali ne wasu ma'aikatan jaridar Afro-American ta Baltimore, dukkansu baƙaƙen Amurka, suka yi wata dabara a watan Agusta. Suka yi shigar manyan baƙi, har da mai riga da rawani, suka ce su jami'an wata ƙasar Afirka ce mai suna Goban, wadda babu ita a taswirar duniya. Wasu gidajen abincin da ba za su zaunar da su a matsayinsu na 'yan ƙasa ba suka karɓe su. Bahaushe yana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a Hanya ta 40 sai ga raɓa ta fi kaba daraja. Wannan ya tona asirin duk wani gyara da za a yi don jakadu kawai. Maryland ta yi dokar hana wariya a wuraren cin abinci da masaukai a 1963, ta tarayya kuma Shugaba Johnson ya sa mata hannu ranar 2 ga Yuli, 1964. Babban yabo na baƙaƙen Amurka ne, waɗanda suka sha duka da ɗauri, wasu suka rasa rayukansu. Gudummawar baƙi ita ce sun sa kunya ta kama masu mulki a gaban duniya.

Da tambaya ta juyo

A watan Oktoba na wannan shekara ta 1961 sai reshe ya juya da mujiya. Kennedy ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta Peace Corps, kuma rukunin farko da aka turo Nijeriya suna karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Wata budurwa daga cikinsu ta rubuta wa saurayinta kati, tana bayyana kaɗuwarta da ƙazanta da talaucin da ta gani a titunan gari. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi gangami ana kiran 'yan sa-kan 'yan leƙen asiri. Ba a daɗe ba ta bar ƙasar.

Fushin ɗaliban yana da dalili, domin shekara ɗaya kacal da samun mulkin kai, kuma sun gaji da jin Turawa suna siffanta Afirka da irin waɗannan kalmomi. Duk da haka ya nuna cewa mu ma ba mu fi kowa son idon baƙo ba. Laifi tudu ne. Akwai dai bambanci tsakanin katin nan da tambayoyin da muka gani a baya, kuma a nan ne darasin yake. Ita da mudun gidansu ta auna Ibadan, ta ga bai cika ba. Gado da sojojin runduna ta 55 da jakadan Cadi kuwa da mudun Amurka suka auna Amurka. Ba su ce mata ta zama Katsina ko Kukawa ba. Abin da ta rubuta da hannunta suka nuna mata. Tambayar da aka yi da mudun baƙo ana iya watsar da ita a ce rashin sani ne. Wadda aka yi da mudun mai gida ba ta da amsa sai cikawa.

Daga Washinton zuwa Jabi

Dalilin da ya sa wannan tarihi ya shafe mu shi ne, mu ma mun ari mudun. Bayan yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, shugabanni suka nemi tsarin da zai riƙe ƙasar. Tsarin mulki na 1979 ya ajiye salon Ingila na Firayim Minista ya ɗauki na Amurka: shugaban ƙasa mai cikakken iko, majalisar dattawa, majalisar wakilai, gwamnoni a jihohi. Haka kuma a farkon Fabrairu na 1976 Janar Murtala Muhammed, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya yi dokar kafa sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, a yankin da ba na wata jiha ba, kamar yadda Washinton take. Aka yanko ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Sunan ma aro ne daga garin da Abu Ja, na gidan sarautar Haɓen Zazzau, ya kafa a 1828, wanda ya koma Suleja. Gamayyar kamfanonin Amurka uku ce ta zana babban tsarin birnin ta miƙa a 1979, gwamnati kuma ta taso daga Ikko ranar 12 ga Disamba, 1991.

Alkawarin Abuja shi ne birni na kowa, inda babu ɗan gari babu baƙo. Wanda ya tsaya a tashar motar Jabi da safe zai ga wani sashe na alkawarin ya cika. Motocin Kaduna da Zariya da Kano suna lodi, ana ciniki da Hausa da Ingilishi da Ibo da Yarbanci, ba wanda yake tambayar wani takardar izinin zama. Abin da Abubakar ya hango a 1955 ke nan. Amma ƙasar da aka gina birnin a kanta ba kufai ba ce. Akwai Gbagyi, waɗanda Hausawa suke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Da farko an ƙudura a kwashe su duka zuwa wajen yankin a biya su diyya. A 1978 gwamnati ta ga kuɗin ya yi yawa ta sauya shawara, aka ce sai waɗanda gini ya iso kansu. Tun daga nan manufar take sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati. Jabi kanta sunan ƙauyukan Gbagyi ne kafin ta zama unguwar da ke da tafki da katafaren kantin zamani, kuma ƙauyukan suna cikin waɗanda aka tsara tayarwa zuwa Shere da Galuwyi a yankin Bwari.

A ƙarƙashin tsarin mulki na 1999, dukkan ƙasar yankin mallakar gwamnatin tarayya ce. Mutanen yankin ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanata ɗaya gare su inda kowace jiha take da uku. Sai a 2023 aka naɗa ɗan asalin yankin minista, wato Zephaniah Jisalo. Abin mamaki, mazauna Washinton su ma ba su da sanata ko ɗaya, wakilinsu a majalisar wakilai kuma ba ya jefa ƙuri'a wajen zartar da doka, wato har giɓin muka kwaikwaya. Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, Bagwariya ce daga Kwali. Ta zagaya Amurka a 1972 tana nuna fasaharta, kuma hotonta yana bayan takardar naira 20. Muna ɗauke da ita a aljihu, danginta kuwa suna jiran a faɗa musu inda za su koma.

Haka nan sashe na 42 na tsarin mulkin ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin asalinsa. Amma Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos, da Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano, sun san abin da takardar shaidar asali take yi musu ranar neman gurbin karatu ko aikin gwamnati. Da wani baƙo zai karanta sashen nan, ya zaga ya ga yadda ake yi, da tambayar Gado zai yi mana.

Kammalawa

Mutanen da aka ambata a wannan maƙala ba su yi zamani ɗaya ba, ba su je da matsayi ɗaya ba. Akwai bawa, akwai soja, akwai minista, akwai jakada. Abin da ya haɗa su shi ne sun ɗauki maganar Amurka da muhimmanci, wani lokaci fiye da yadda masu ita suka ɗauke ta. Ƙasar kuma, duk da jinkiri da jinin da aka zubar, tana da kotuna da jaridu da 'yan ƙasa masu taurin kai da suka tilasta mata ta amsa wani sashe na tambayar, saura kuma har yanzu ana ja.

Daga cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda za su je can neman ilmi. Za su yi mamakin abinci da sutura da yadda ake gaisuwa a tsaitsaye, kuma babu laifi a yi. Abin da ake fata shi ne su koyi irin tambayar magabatansu, su karanta abin da ƙasa ta yi alkawari, su duba wanda aka bari a waje. In sun dawo suka sauka a Jabi, su riƙe wannan mudun, domin tsarin mulkinmu da babban birninmu suna ɗauke da alkawarin da mu ma da hannunmu muka rubuta.